Injin Shawarki Bai Lalace Ba, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa na kammala karatu. Takardar kiran bautar ƙasa ba ta fito ba tukuna, aiki kuma babu, don haka ina nan gidanmu na Gwarzo, ni kaɗai.

Maganar injin ruwan nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, wanda Kawu Sani ya sa miki lokacin da ciwon gwiwa ya hana ki ɗaga bokiti. Kin san aikinsa: in an buɗe shawa ya tashi ya turo ruwa daga tanki, in an rufe ya tsaya. To, tun da na dawo yake tashi da kansa. Ya yi ƙara, ya ɗauke, ya sake tashi, alhali ban taɓa komai ba. Ranar farko har na juya zan ce miki sannu da wanka.

Da na je Garo gaida Kawu na gaya masa. Ya ce, "Injin da ke haka ƙonewa zai yi. A cire a sayar tun yana da daraja, ka rufe gidan ka dawo nan wurina. Me kake tsaro a kango?" Ban musa masa ba. Gaskiya ya faɗa game da injin, kuma a wannan matsin, in ya ƙone ba mai sayen wani. Amma na san ranar da aka cire shi, ranar za a sa wa ƙofarki kwaɗo. Na roƙe shi ya ba ni lokaci in duba.

Na bi abin a hankali, yadda kike cewa ina yi wa komai. Na sa busasshen tsumma a bakin kowane famfo, babu ɗigo. Na kwance kan shawa na wanke. Na fitar da iskar da ke cikin bututu. Na buɗe bawul ɗin da ke hana ruwa komawa tanki, na cire ɗan yashi, na mayar. Bai daina ba. Sai na rufe makullin da ke gaban injin, ya yi tsit yini guda. Ke nan laifin ba nasa ba ne, ruwa ne ke fita ta wani wuri. Amma ƙasa a bushe, bango a bushe.

Abin da ya fi damuna, Inna, shi ne ɗigo ba ya zaɓen lokaci, wannan kuwa yana zaɓa. Muddin akwai wuta, dab da kiran salla yake tashi.

Na bi bututun da fartanya har bayan madafa. A ƙarƙashin inda kike tara itace na ga reshen da ban sani ba, ya ratsa katanga ya shiga gidan Iya Abu, tsohuwar nan maƙwabciyarmu da ba ta da kowa.

Na yi sallama na shiga. Ga ɗan famfo a gindin katanga, an kifa masa ƙwarya. Da ta ga inda idona ya tsaya, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da ga-ruwa ya gagari talaka, kika kira mai gyaran famfo ina makaranta. "Uwarka ta ce in na gaya wa kowa ba ta yafe ba. Yanzu ka ga ba ni na faɗa ba."

Ta ce tun da kika rasu take jin nauyi, tunda mai kyautar ba ta nan. Shi ya sa take murɗa shi kaɗan-kaɗan, ta tari na buta kawai, don kada in ji. Wannan murɗawar ce ke sa injin tashi yana faɗuwa. Kunyarta ce ta kusa ƙona shi.

Na ce, Iya, daga yau ki buɗe shi gaba ɗaya, ki cika randa, haka injin yake so. Ta ce, "Kai ɗan boko, har injin ma yana da abin da yake so?" Ta yi dariya tana share ido.

Na tuna yadda kike leƙa tanki ki ce, "Ruwa ba a yi masa rowa, Aminu, ba mu muka yi shi ba." Na ɗauka wanka kike so in yawaita.

Jiya na koma Garo na gaya wa Kawu komai. Ya ce a bar injin inda yake, ba shi zai yanke wa 'yar'uwarsa lada ba. Ki yafe mini, na tona abin da kika rufe, amma ban ga wata hanya ba.

Gidan yana nan shiru yadda kika bar shi. Sai dai yanzu in injin ya tashi kafin La'asar, ƙararsa doguwa ce, ba ta yankewa. Nakan ajiye abin da nake yi, in ɗauki butata ni ma.

Allah ya kai ladan kowane ɗigo kabarinki, ya shayar da ke yadda kika shayar, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Naki, mai tsaron gidanki,
Aminu