Inuwar Dogo a Bangon Tasha

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu muna nan, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar Dogo. Har yau nakan zuba abinci kwano biyu kafin in tuna.

Yaya, kin san ɗanki Dogo zane yake koyarwa. Ashe kafin ya kwanta ciwo ya kai ɗalibansa bangon tashar mota. Duk wanda ya zo wucewa sai su roƙe shi ya tsaya, su bi gefen inuwarsa da alli, su rubuta abin da ya ce a littafi. Wani direba ya ce ɓata bango ne. Mai lemo ta yi godiya, wai an rage mata ƙiba. Tela ya ƙi, washegari ya dawo sanye da sabuwar hula, ya ce a zana shi.

Ɗaliban ne suka kai ni. Ashe har Dogo sun zana, tun daga nesa na gane tasa: kafaɗar da jaka ta karkatar, da kunnuwan babansa. Kullum da hantsi nakan je in tsaya har inuwata ta shige cikin tasa, kamar yanzu shi ne ya goya ni.

Da damina ta matso, na roƙe su su bi layin da fenti. Wata ɗaliba ta ce malaminsu ya koya musu aikin ba ya cika sai ruwa ya ɗauke shi. Na ji haushi, na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da hadari ya haɗo na tafi da babbar leda in rufe zanen Dogo. Na tarar da ɗalibar nan da direban da tela da mai lemo a tsaye, kowa na faɗin yadda Dogo ya zolaye shi. Sai na fasa rufe shi. Ruwan ya fara daga kansa a hankali, yadda nake masa wanka yana jinjiri. Ledar ni da ɗalibar muka lulluɓa. Ta tambaye ni me za ta rubuta. Na ce ta rubuta uwarsa ta zo, ta raka shi.

Ki gaida maigidan, da Autarki, da Kawu Ƙarami. Ku sa Dogo a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Dogo