Gizo-gizon Malam

Litinin, 22 ga Yuni 1992, Argungu

An yi sadakar arba'in jiya. Yau na buɗe ɗakin karatun Malam Mujtaba karo na farko tun rasuwarsa. Littattafan kimiyyarsa na nan, da takardun ɗaliban da bai gama dubawa ba. Gizo-gizon da yake kiwo ma, mace ce, tana nan cikin akwatin gilashinta. Baƙa, mai gashi, faɗin tafin hannuna. Kwana arba'in ba abinci, ba ta mutu ba.

Shekara uku da ya haƙo ta a bakin fadama. Ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Asabar, 27 ga Yuni

Na samu littafin da yake rubuta al'amuranta. Ruwa a marfin kwalba. Gyare ɗaya ko kyankyaso duk mako. Ƙasa ta yi laima a gefe ɗaya kawai. Na zuba ruwan. Na jefa kyankyaso, na fita, ban kalla ba.

Laraba, 8 ga Yuli

Inna Kulu, uwar Malam, ta ce a kai ta daji a saki. Na ce in na fita takaba. Ta ce, "Wanga abu dai bai da amfani, Zakiyya." Ban musa ba.

Juma'a, 24 ga Yuli

Gilashin ya tsage daga kusurwa, na liƙe da salatif. Ramin da ta haƙa ya kai ƙasan akwatin, tana ta kankarar gilashi. A shafin ƙarshe Malam ya rubuta: "Gidan ya yi mata kaɗan. Sabo bayan jarrabawa." Bai kai jarrabawar ba.

Lahadi, 9 ga Agusta

Da hantsi na tarar da ita rigingine, ƙafafu sama. Na ɗauko tsintsiya da abin kwasar shara. Sai na ce bari in duba littafin tukuna. Ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan: in ta kwanta a bayanta saɓa take yi, kada a taɓa.

Na zauna a kujerarsa har la'asar. Ta fito daga tsohuwar fatarta a hankali, ƙafa bayan ƙafa. Azahar a makare na yi ta.

Talata, 11 ga Agusta

Ba a ba ta abinci sai bayan kwana goma. Jikinta bai yi ƙwari ba.

Asabar, 26 ga Satumba, Birnin Kebbi

Na fita takaba makon jiya. Makaranta ta karɓi gidan da ta ba Malam, sabon malami zai shiga. Yaya Zulkifli ya zo da a-kori-kura ya kwaso ni zuwa gidan da ma'aikatarsu ta ba shi a Gesse. Akwatin na kan cinyata tun daga Argungu, lulluɓe da zane. Tsagewar ta ƙaru a hanya.

Matarsa Balaraba ta ɗaga zanen, ta saki, ta ja da baya. "Ba cikin gidan ga ba, don Allah." Yaya ya ce ɗakin ajiya na baya, kuma na ɗan lokaci. Haka aka tsaya.

Talata, 29 ga Satumba

Kafinta Tamba ya kawo sabon akwati. Katako gefe uku, gilashi a gaba, murfi mai ƙananan huji da sakata. Ya so ya yi shi dogo, na ce a'a, ba mai hawa ba ce, in ta faɗo daga sama cikinta na iya fashewa. Ya dube ni, ya ce, "Malama, ina kika san wannan?" Na ce a rubuce yake.

Laraba, 30 ga Satumba

Na zuba ƙasar fadama taƙi ɗaya, na danne. Fasasshen kasko a kusurwa don ɓuya. Na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma.

Da na taɓa ƙafarta ta baya da tsinke sai ta juyo ta ɗaga na gaba, haƙora waje. Na jira. A karo na uku ta taka ta shiga kofin roba, na rufe da kwali, na sauke ta a sabon gida. Ta tsaya wuri ɗaya ba motsi har na gaji da tsayuwa.

Balaraba na bayan taga ashe. Ta ce, "Kin gama?" Na ce na gama.

Litinin, 5 ga Oktoba

Yaya ya zo da Mista Folorunsho, wani malamin kimiyya da ya sani. Ya ce zai karɓe ta don ɗalibai. Na tambaye shi inda zai ajiye ta. Ya ce cikin kwalba, a ruwan magani, ta fi daɗewa haka.

Na ce ba yanzu ba, ba a tayar da ita sau biyu a wata ɗaya. Yaya ya ce, "A littafin ne?" Na ce eh.

Babu wannan a littafin.

Ta fara haƙa rami ƙarƙashin kaskon. Na rubuta kwanan watan a shafin da ke bayan na Malam.