Inna, Takwararki Ta Daina Kirana

Zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Roni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san mutane ne za su karanta wannan a waya. Su karanta. Ke nake gaya wa, don sati uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Takwararki Ummi, 'yata da kika bari tana rarrafe, tana shekara ta uku a karatun likita. Ni kuwa kin san a aji uku na sakandare na tsaya, na kama gyaran babur a gindin bishiya. Yau kowa a Kazaure ya san shagona na kayan gyara, kuma ban da Allah ba wanda ya ɗaga ni. Kin san halina, ba na son a koya mini abu.

Da ta zo hutu na tambaye ta littafi nawa ta sauke. Ta ce an sake musu tsari. A da, shekara guda ana koyon sassan jiki, wata shekarar cututtuka, wata magunguna. Yanzu gaɓa ɗaya ake ɗauka, kamar ƙoda, a haɗa komai nata lokaci guda. A ba su labarin marar lafiya, su zauna su yi ta gardama, malami na gefe yana saurare.

Malami na saurare! Inna, a zamaninmu malami ya cika allo, mu kwafa, mu haddace.

Ta ce su ma ɗaliban kansu ya rabu. Wasu tsohon tsarin suke so, ya fi sauƙin hadda idan jarrabawa ta matso. Ita sabon take so, kodayake tana ƙorafin sun yi yawa a rukuni, wasu malaman kuma har yau tsohuwar takardarsu suke karanto musu. Haka ta rubuta a takardar jin ra'ayi da makaranta ta raba musu. Na ce ta goge. A gaban ƙanena Sani na ce da ita likitar hira, na ce ko allura ba za ta yi mini ba.

Ta kwashe kwanuka ta shiga ciki.

Ranar da za ta koma ta durƙusa tana gaishe ni, sai idonta ya tsaya a ƙafata. Ta danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Kanta a ƙasa don kunya, ta tambaye ni ciwon kai, da yadda fitsarina yake, da ƙwayar ciwon jiki da nake saya a kemis ina sha kullum. Ta rubuta gwaje-gwaje a takarda ta miƙo. Na cusa a ƙarƙashin kujerar babur.

Tun ranar ba ta kira ni ba. Gaisuwarta ta wayar uwarta take zuwa.

Da takalmi ya ƙi shiga na tafi asibiti ba da sanin kowa ba. Inna, tambayoyin da likitan ya yi mini su ne nata, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce hawan jini da ƙwayoyin nan ne suka taru suna gajiyar da ƙodata, kuma gara da na zo yanzu.

A hanyar gida na tuna ni ma ba shekara na yi ina koyon kabireto kaɗai ba. Babur aka turo mini ya ƙi tashi, na bi mai, na bi wuta, har na gano.

Ciwon bai dame ni kamar shirun yarinyar nan ba. Kin sha ce mini, "Bakinka ya fi ƙafarka sauri, Habu." Amma ba ki koya mini yadda uba ke ba 'yarsa haƙuri ba, ni kuma ban taɓa gani ba. Sau nawa nake lalubo lambarta in mayar da wayar aljihu.

Ɗazu na ɗauki hoton sakamakon gwajin na tura mata. Na rubuta a ƙasa, likita, a yi mini bayani. Waya ta nuna ta gani. Ina nan bakin shago, ina jira.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sanyaya zuciyar mai sunanki a kaina.

Ɗanki mai taurin kai,
Habu