Lasifikar Mai Shela Ta Tahi Jami'a

Tama, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Mardiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lahiya, ke da maigidanki. Innarki A'i na gaishe ki. Mu dai lahiya lau, sai gwiwata da ta shiga yajin aiki.

Na ji kina son aje koyarwa a jami'ar Tawa ki koma wani biro, aikin ofis, a Yamai. Kin ce aji ya cika, murya ta disashe, ba mai yaba miki. Ni da mushe, malamin lakwal, ya kora daga makaranta saboda surutu, mi zan gaya wa mai digiri uku? Shi ya sa na hau kamyon albasa na zo ban sanar da ke ba. Na raɓe bayan ajinki cikin masu tsayuwa bakin taga. Bakinki na motsi, amma ko kalma ba ta iso mu ba. Wata ɗaliba kusa da ni tana kwafar littahin na gabanta, shi ma na gabansa yake kwafa. Raina ya ɓaci, na juyo gida ban gaishe ki ba, ki yi haƙuri.

Ga lasifikata ta shelar kasuwa na ba direba Idrisa ya kawo miki. Ƙarin girma ya hi ƙarhina, amma murya sana'ata ce. Ki gwada ta kahin ki sa hannu a takardar barin aiki. In na baya sun ji ki kuma har yanzu kina son tahiya, ba ni hana ki.

Babanki,
Tanko Mai Shela

Tama, bayan girbi

Ɗiyata Mardiya,

Ina gajiya, ina ɗalibai? Saƙonki ya iso. Kin ce aji ya kwashe da dariya ranar farko, don lasifikar tana ƙugi irin na tsohon jaki. Halinta ne, ki buge ta a gehe. Kin ce kuma wata daga bakin taga ta ɗaga hannu ta yi tambaya, kuka kai azahar kuna gardama, har kika yage takardar barin aikin.

Kada ki maido lasifikar. Ni da maƙogwarona muke shelar ɓatattun awaki yanzu, innarki na ta dama mini zuma da citta tana mita. In na baya ba su ji ni ba, akuya ce za ta kwana daji. Naki na baya sun hi akuya tsada.

Ki riƙa canza wa lasifikar pil, batir ke nan.

Naki har kullum,
Tanko Mai Shela