Ɗamarar da Ke Gindin Jirgi

3 ga Agusta

'Yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya cikin zafin Osaka, kuma kina cin abincin kirki, ba taliyar kanti ba.

Albishirinki! Na yanke shawarar bana da jirgin ruwan marigayi babanki za mu kai masa fitilar takarda tsakiyar teku a ƙarshen bikin Obon na tunawa da mamata. Iska ce ta tura shi a jirgin nan shekara talatin, bai kamata mu saki fitilarsa daga bakin gaɓa kamar baƙi ba.

Matsala ɗaya ce. Ƙarfen sitiyari da ya ratsa gindin jirgin yana yoyo, kullum sai na kwashe bokiti biyu. Tsoho Genzo mai gyaran jirage ya leƙa ya ce, "Tsuneko, abin toshiyar ne ya ruɓe. Ke da ba kya barin ƙura a tabarma, kin bar teku a ɗakin mijinki!" Na ce ya rage surutu ya kawo sifana. Jibi za a ɗaga jirgin tudu.

Shekara huɗu ke nan ba ki zo Obon ba. Aiki ba hujja ba ne. Yarinyar da ta ɓatar da ɗamarar kakarta dama ba ta san darajar abin gida ba, amma girma ya kamata ya koya miki.

Mahaifiyarki,
Tsuneko

6 ga Agusta

Chizuru 'yata,

Ina gaishe ki.

Jirgi ya gyaru! Ni da kaina na shiga ramin da ke bayan jirgin, don cikin Genzo ya hana shi shiga. Na kwance babban noti, na riƙa zaƙulo tsohon abin toshiya da ƙugiya. Maimakon igiyar da aka saba nannaɗewa, sai ga tsumma yana fitowa, an yayyanka shi siri-siri, ya sha kitse. Na goge guda a gwiwata. Shuɗi ne, da zanen igiyar ruwa.

Ɗamarar kakarki ce, Chizuru.

Genzo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai da almakashina mijinki ya yanka ta, ya toshe yoyo da ita. Ya ce gara ya fuskanci guguwa da ya fuskance ki!" Wato shekara goma sha takwas babanki yana zaune a kanta, yana kallo na mare ki, na hana ki rawar biki, ya bar laifin a kanki. In na kunna masa turare yau zai ji daga bakina.

Mun naɗa sabuwar igiya zobe uku, na ɗaure notin, aka mayar da jirgin ruwa. Na shimfiɗa jarida a ƙarƙashin ƙarfen na zauna ina kallo. Ko ɗigo! Na yi ihu har masunta suka waiwayo.

Kullum ina ce miki wanda ya yi laifi ya faɗa da bakinsa. To, ni ce. Kin ce ba ke ba ce, ban yarda ba. Ki yafe mini.

Ga tsumma guda na sa a ambulan, na wanke shi sau uku, amma har yanzu yana wari. Ki zo ranar sha uku. Ke za ki riƙe sitiyari. Kada ki zo da takalman nan masu tsini.

Mahaifiyarki,
Tsuneko