Fuskar Agogon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, amma ni hankalina a tashe yake.

Yaya, na yi ɓarna. Ka san agogon hannun marigayi Baba, wanda Inna ke ajiyewa ƙarƙashin matashinta tana murza masa kai kowace safiya. To, ya tsaya, sai na kai wa mai gyaran agogon da ke ƙasan benen kasuwa, na ce a wanke shi. Ni injin ciki nake nufi. Shi kuwa bawan Allah ya ga fuskar ta yi rawaya, ga tabon ruwa kusa da lamba huɗu, sai ya kankare ta tas, ya shafa sabon fenti, ya sake zana lambobi. Har da murmushi ya miƙo mini, wai ya mai da tsohuwa yarinya. Na karɓa na kawo gida.

Inna ta juya agogon sau biyu ta ajiye, ta ce wannan ba na mijinta ba ne. Na nuna mata maɗaurin, na nuna mata karcen bayansa, ta ce ita fuskar ta sani, shekara arba'in tana kallonta. Wai na sayar da na asalin na kawo mata na kanti. Na koma wurin mai gyaran ina kuka, ya ce abin da ya kankare ya riga ya bi tsumma, sai dai ya ɗiga wani abu ya yi tabo. Na ce ya gwada. Kallo ɗaya Inna ta yi wa agogon ta ce ashe har yaudara na koya.

Yanzu ba ta karɓar abinci ko magani daga hannuna, sai maƙwabciya ta shigo ta ba ta. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka kira ta, ka ce kai ka sa na aika maka da na asalin, yana hannunka. Na san ƙarya nake roƙonka ka yi, kuma ban taɓa ba. Ka ɗauki laifin, kai kana nesa, ni ce nake kwana nake tashi da ita.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, da Kawu idan kun haɗu. Ba zan ce Inna na gaishe ka ba, don yau kwana tara ba ta ce mini uffan ba.

Ƙanwarka,
Auta