Wankan da Fumie Ke Tsoro

Yonezawa, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Kazue,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwa da wannan sanyi da ya fara shigowa? Mu a nan ganyen itatuwa duk ya yi ja, kan duwatsu kuwa har ya fara fari.

Jikina da sauƙi. Hannun hagun yana ɗaguwa har kafaɗa yanzu, kuma likita ta ce ɗinkin ya warke sarai, zan iya shiga ruwan zafi. Da ma ba a gaban maigidana Noboru ta faɗa ba.

Shekaranjiya ya shigo daga shago da takardun tallar masaukai irin namu na gargajiya, waɗanda ke bakin ruwan zafin cikin duwatsu. Ya zube mini su a kan tebur, ya ce in zaɓa, kwana biyu za mu yi. Yaya, kin san mijina. Tun da na san shi yake ɗinkin tabarmar tatami, ranar da na haifi Riko ma sai da ya gama ɗakin wani kafin ya zo asibiti. Wannan mutumin ne zai rufe shago don shan iska? Tun da ya faɗa gabana ke faɗuwa.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, tun da aka cire mini mama a bazara bai ga wurin ba. Ba wanda ya gani sai likita da nas. Ni kaina sai na kashe fitila nake wanka. In zan sauya riga, da kansa yake miƙewa ya ce bari ya duba ruwan shayi. In mun kwanta, sai ya ja shimfiɗarsa can jikin bango ya ba ni baya. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Na tace masaukan, saura biyu. Ɗaya yana bakin kogi, babba ne, wurin wankan mata daban, na maza daban. A can zan tuɓe a gaban matan da ban sani ba, da 'yan mata, da yara masu nuna abu da yatsa. Ɗayan yana kan dutse, ƙarami, yana da ɗakin wanka na iyali wanda ake rufewa. A can babu baƙon ido sai nasa. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. In baƙuwa ta kawar da kai, gobe na manta fuskarta. In shi ne fa?

Ki rubuto mini shawararki. Kada ki kira, shi yake ɗaukar waya.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Fumie


Yonezawa, 16 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Kazue,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta kewa, da fatan kuna lafiya. Na ga takardarki, da busasshen kifin, na gode. Ki riƙa shafa maganin gwiwar nan, kada ki ce sai ta tsananta.

Na bi shawararki, na kira masaukin bakin kogi, na tambaya ko suna barin mace ta shiga ruwa da siririyar rigar nan da kika ce ana yi wa irinmu. Wanda ya ɗauka mai ladabi ne ƙwarai. Ya ce sai ya tambayi shugabansu, sannan ya ce in yi haƙuri, wane irin ciwo ne, don ya san yadda zai yi bayani. Sai kawai na ajiye wayar.

Washegari na kira na kan dutse. Wata tsohuwa ce ta ɗauka, Baba Umeno, ita ce mai wurin. Na fara kame-kame, ta katse ni: "Akwai allon katako a ƙofar ɗakin wankan. In kin juya shi ba mai shiga, ko ni. To, me ba kwa ci?" Shi ke nan, na kama ɗaki. Niyyata in juya allon in shiga ni kaɗai.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya na je sayen awarar tofu, sai Harue mai shagon ta ce ta ga Noboru a asibiti ranar Talata, a ɓangaren mata, yana magana da nas kansa a sunkuye. Ni kuwa ya ce mini tabarmi ya kai wani gida. Noboru ba ya mini ƙarya, bai ma iya ba.

Yaya, kin tuna yadda aka yi wa Babanmu? Likitoci suka gaya wa Mama cewa ciwonsa ba na tashi ba ne, aka ɓoye masa, muka kai shi bakin teku yana ta murna, mu muna juya baya muna share hawaye. An ɗauki hoton ƙirjina a watan jiya, aka ce babu komai. To idan ni aka ce wa babu komai, shi aka gaya masa wani abu daban fa? Yanzu in ya zuba mini shayi sai in ga kamar sallama yake yi mini. Na kasa tambayarsa, don ina tsoron ya amsa.

Ranar Alhamis za mu tafi. Kada ki gaya wa Riko komai, tana da jarrabawa.

Taki har kullum,
Fumie


Yonezawa, 25 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Mun dawo jiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Mun isa da la'asar, dusar ƙanƙara tana sauka. Baba Umeno ta kai mu ɗaki, ta zuba shayi, ta fita. Noboru ya zauna yana shafa tabarmar ɗakin kamar ita ya zo gani. Na ɗauki tawul na tafi ɗakin wankan. Ina juya allon sai na ji takunsa a bayana. Ya ce, "Fumie, in shigo?" Tun muna saurayi da budurwa ban ji muryarsa haka ba. Na ce ya shigo, in ma mutuwa ce gara in ji ta yau.

Na shiga ruwan da tawul manne a ƙirjina, abin da ba a yi, shi kuma ya shigo ruwan ya zauna a ɗaya gefen yana kallon bango. Zafin ruwan ya wuce misali. Na ce masa Harue ta gan shi, ya faɗa mini abin da likita ta ce, ni ba yarinya ba ce.

Ya juyo da sauri. Ya ce wace likita? Wurin nas ya je, ya tambaye ta ko in ya taɓa wurin zai yi mini ciwo. Wai tun da aka sallamo ni tsoro yake kada ya juya cikin barci ya danne ni, kuma ya ga ina ɓoyewa, ya ɗauka ba na son ya gani. Nas ɗin ta yi masa dariya, ta ce, "Malam, matarka za ka tambaya, ba ni ba." Ya rasa ta inda zai fara a gida, shi ne ya kwaso takardun masaukai. Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar, Yaya, ya yi ta zuba, fuskarsa jawur, ni kuwa na ɗauka kunya ce.

Ya miƙe zai matso kusa da ni. Sai na ga idonsa ya juye, ya tafi gaba ɗaya, kansa ya bugi bakin kwamin wankan, ya nutse.

Ban san da wane hannu na jawo shi ba. Na tallafo haɓarsa, na kasa fitar da shi, jini yana bin ruwa. Na jingina kansa a kan dutse, na banko ƙofa na fita ina ihu. Baba Umeno ta zo da gudu da wasu baƙi mata biyu, muka fito da shi, aka kwantar da shi a kan katako, ana zuba masa ruwan sanyi a ƙafa, ana yi masa fifita. Ni ina ta kiran sunansa. Wata da watanni ina tsoron in mutu in bar shi, ko sau ɗaya ban kawo cewa shi zai iya riga ni ba.

Da ya buɗe ido, ni ya fara gani, a durƙushe a kansa. A lokacin na tuna tawul ɗin yana can cikin ruwa. Ya dubi wurin, ya daɗe yana duba, bai kawar da kai ba. Ya ɗaga hannu ya ɗora a kan tabon, ya ce, "Wannan ne duka?" Baba Umeno ta yafa mini riga ta ce, "In kun gama, maigida ya sha ruwa. Wa ya ce ka shiga ruwana ba ka ci komai ba tun safe?" Likitan ƙauyen ya zo ya duba shi, ya ce zafi ne da yunwa, ya manna masa filasta a goshi.

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. Akwai wani gwajin bayan sabuwar shekara. Amma ya ce tare za mu shiga wurin likita, duk abin da za a faɗa mu ji shi lokaci ɗaya.

Da safe ɗaya daga cikin matan nan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta ce in zo mu shiga kwamin mata na waje mu kalli ƙanƙara. Na bi ta. Mu shida ne a cikin ruwan, ina ta jira wata ta kalle ni. Ba su da lokacina, Yaya. Hirar mijina suke ta yi, wai ƙaton namiji ya zo ya dafa kansa kamar ƙwai.

Ki gaishe da maigida da jikoki. Ki lallaɓa gwiwar nan, da bazara ke zan kai.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Fumie